Sifana Lamba Goma

Asabar, Gangare ba ta gama farkawa ba,
sanyin Jos ya maƙale a yatsuna
kamar bashin da aka ƙi yafewa.
Na turo babur tsakar gida,
na kafa shi bisa ƙafa biyu,
na shimfiɗa buhun siminti, na durƙusa.

Sai an ɗumama shi tukuna.
Baƙin mai in ya yi sanyi
jan jiki yake kamar kunun jiya.
Ya yi tarinsa, na kashe, na rufe famfon fetur,
na kwance notin gindi, na tara tsohon kwano.
Ga shi nan yana zuba, baƙi wuluk:
wata biyu na hawan Farin Gada,
da ramukan titin Bauchi,
da buhun dankalin da na ɗauko wa Inna daga Bukur,
duk sun narke a kwano ɗaya.

Rumasa'u, miƙo lamba goma.
Ta birkita akwati: ga filaya, ga sukudireba,
ga sha biyu, sha huɗu, sha bakwai,
goma babu.
Goma ba ta kwana gida.
Tana wajen Gyang tun Talata.
Tsallaka, ki ce ina gaisuwa.
Shekara takwas wannan ƙarfe
yana kai-komo ta kan katangarmu.
Ko a shekarar da layinmu ya daina gaisawa
ita ba ta yanke zumunci ba,
har mun manta wanda ya saye ta.

Ban tara kayan nan rana ɗaya ba.
Na taɓa sayen jeri guda mai ƙyalli,
goma sha biyu a leda, kuɗin tsire.
Noti na farko ya cinye bakinsu,
su ma suka cinye kan noti.
Tun ranar ɗaya-ɗaya nake saye,
in auna nauyi a tafin hannu,
in ƙwanƙwasa a dutse in ji amo.

Jiya a Dilimi, Ikenna ya ajiye fulogi biyu a kanta,
kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya.
Ya ce, wannan na hawa ne, wannan na turawa.
Na tuna daren Rikkos,
ruwa na tsuga, ni da babur duka a ƙasa,
ina riƙe da ƙahonsa kamar ragon da ya ƙi kasuwa.
Na biya mai tsadar.
Araha ba ta ado, balle ta hau tudu.

Sarƙa na wanke da kananzir
da tsohon buroshin haƙori,
na ja ta, na bar mata sassaucin yatsa biyu,
don abin da aka ɗaure tamau
shi ke fara tsinkewa.
Soson iska na matse, na shanya a igiya
kusa da zanen Asabe. Ta harare ni.
Birki, iskar taya, ɗigon giris,
sabon mai har zanen sanda.

Na doki kik. Shiru.
Na sake. Shiru.
Sau tara, ga zufa cikin wannan sanyi.
Na fara zagin Ikenna a zuci,
shi da kakan wanda ya ƙera fulogi.
Rumasa'u ta tsuguna, ta leƙa ƙarƙashin tanki:
Baba, ka buɗe fetur?

Ban buɗe ba.

Ta murɗa da yatsu biyu.
Bugu ɗaya ya ɗauka, kaji suka watse,
na nemi gafarar Ikenna bai sani ba.

Washa ɗaya ta rage a kan buhu,
ban san gidanta ba.
Na jefa ta gwangwanin madara wajen 'yan'uwanta.
Ina cikin dirje hannu da toka
sai ga kan Gyang a saman katanga:
Maƙwabci, ka gama da goma?